Darasin Tattalin Arziki: Yawon Buɗe Ido a Duwatsun Adamawa da Tudun Mambila

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana kan zarce digiri 40 a Yola da Jimeta, mutumin da ke garin Gembu a kan tudun Mambila sai ya nemi bargo kafin ya iya barci. Wannan bambanci na yanayi haja ce wadda wasu ƙasashe suka daɗe suna sayarwa suna samun kuɗaɗen shiga masu yawa. Darasinmu na wannan fitowa zai duba yadda sana'ar yawon buɗe ido a kan duwatsu take aiki, da irin jarin da Allah Ya ajiye a yankin da Yola take ƙofarsa, da kuma dalilan da suka sa har yanzu jarin bai haifar da ribar da ta kamata ba.

Asalin garuruwan shan iska

Masana yanayi sun tabbatar da cewa duk lokacin da mutum ya hau sama da mita 1,000, zafi kan ragu da kimanin digiri 6 da rabi. Yola tana kwance a kwarin kogin Binuwai, tsayinta daga gaɓar teku bai wuce kimanin mita 200 ba, alhali kuwa tudun Mambila yana kan kimanin mita 1,600. Idan aka yi lissafi, tazarar mita 1,400 da ke tsakaninsu za ta ba da ragin zafi na kusan digiri 9. Wannan shi ne sanyin da mai kuɗi a Jimeta yake saye da na'urar sanyaya ɗaki da man janareta, wanda makiyayin Nguroje yake samu kyauta.

Turawan mulkin mallaka ne suka fara mayar da wannan sanyi abin kasuwanci. A ƙasar Indiya, zafi da zazzaɓin cizon sauro sun sa Turawan Ingila suka riƙa ƙaura zuwa kan duwatsu a lokacin bazara, har a shekarar 1864 suka mayar da garin Shimla, mai tsayin kimanin mita 2,200, hedkwatar mulkinsu ta lokacin zafi. A shekarar 1903 aka buɗe layin dogo mai tsawon kilomita 96 daga Kalka zuwa garin. Bayan da Indiya ta sami 'yancin kai a 1947, Turawa suka tafi, amma garin bai mutu ba, domin 'yan ƙasa masu matsakaicin hali sun maye gurbinsu, kuma su ne ginshiƙin kasuwar har yau.

Abubuwa biyu ne za a koya daga tarihin Shimla. Na farko, hukuma ce ta fara kai hanya, sa'an nan masu masaukai da 'yan kasuwa suka biyo baya. Na biyu, kasuwar ta ɗore ne a kan baƙi na cikin gida. A nan Nijeriya ma haka aka yi a Jos, inda haƙar kuza ta jawo layin dogo daga Zariya kafin ƙarshen shekarar 1914, sanyin garin kuma ya mayar da shi wurin hutun ma'aikatan gwamnati da 'yan mishan.

Duwatsun gabas ba su sami irin wannan gata ba, kuma akwai dalili na tarihi. Mambila da Gashaka da Toungo da Ganye da Mubi da Madagali duk suna cikin yankin da Jamus ta mallaka a matsayin Kamaru kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bayan yaƙin aka danƙa wa Ingila riƙon amanarsu, aka riƙa gudanar da mafi yawansu daga Yola. Mai riƙon ƙwarya ba ya zuba dukiya a gonar da bai tabbatar tasa ba ce. Sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairun 1961 yankin ya zama cikakken ɓangaren Nijeriya da sunan Lardin Sardauna, kuma a lokacin sauran sassan ƙasa sun riga sun yi masa nisa a fannin hanyoyi.

Jarin da ke ƙasa

Matafiyin da ya tashi daga tashar mota ta Jimeta yana da manyan hanyoyi uku a gabansa. Idan ya nufi arewa ta Girei da Song da Gombi da Hong da Michika, zai isa ƙaramar hukumar Madagali, inda Sukur take a kan duwatsun Mandara. A shekarar 1999 hukumar UNESCO ta sanya Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya, kuma shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya sami wannan matsayi, kafin dajin Osun na Osogbo ya biyo baya a 2005. Abin da ake zuwa gani shi ne fadar Hidi, wato sarkin Sukur, wadda aka gina da duwatsu, da hanyoyin ƙafa da aka shimfiɗe da falalen dutse tun daga gindin tsauni, da gonakin da aka yanka hawa-hawa a jikin dutse domin tare ruwa da ƙasa, da kuma ragowar matoyar tama, domin mutanen Sukur sun shahara wajen narka ƙarfe da sayar da shi ga maƙwabtansu.

Idan kuwa ya bi kudu ta Mayo Belwa da Jada da Ganye, zai ratsa gefen duwatsun Alantika, mazaunin al'ummar Koma waɗanda labarinsu ya cika jaridun ƙasar nan a shekarar 1986 zamanin Gwamna Yohanna Madaki. Gaba kaɗan akwai duwatsun Shebshi, inda ƙololuwar Dimlang, wadda Turawa suka kira Vogel, ta kai mita 2,042. Ƙarshen wannan hanya shi ne Toungo, mashigar ɓangaren Gumti na gandun dajin ƙasa na Gashaka-Gumti.

Wannan gandu, wanda aka kafa a shekarar 1991, shi ne mafi girma a Nijeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma ya ratsa jihohin Adamawa da Taraba. A cikinsa ne Chappal Waddi yake, tsauni mafi tsawo a ƙasar nan, mai mita 2,419, a kan iyakar Kamaru. Hawansa tafiyar ƙafa ce ta kwanaki, wadda ba ta yiwuwa sai da ɗan jagora da masu dako da guzuri. Akwai birai nau'in cimfanzi da ɓauna da dorina da tsuntsaye iri-iri, ana kamun kifi da ƙugiya a kogin Kam, kuma a kusa da ƙauyen Gashaka akwai kufan sansanin sojan Jamus.

Hanya ta uku ita ce wadda ta bi ta Jalingo da Bali da Serti zuwa Mayo Selbe, inda mota take fara hawan gangaren Mambila mai yawan kwana-kwana, har ta ɓulla Maisamari da Nguroje da Gembu. A can sama akwai filayen ciyawa da garken shanu, da gonakin ganyen shayi na Kakara, da dajin Ngel Nyaki inda masu bincike na gida da na waje suke da sansani. Tafiyar kan cinye yini guda cur daga Yola.

Yadda kuɗin baƙo yake yawo

A ilmin tattalin arziki ana lissafa yawon buɗe ido cikin kayan da ake fitarwa waje, duk da cewa ba a ɗora komai a mota. Manomin gyaɗa yakan kai hajarsa wurin mai saye ya biya kuɗin dako. A wannan sana'a kuwa mai saye ne yake biyan kuɗin motarsa ya zo har inda hajar take, ya kalla, ya koma ya bar ta a wurinta domin wani ya zo gobe. A shekarar 2019 matafiya kimanin biliyan ɗaya da rabi ne suka ƙetara iyakokin ƙasashe, kuma an ƙiyasta cewa sana'ar tafiye-tafiye da abin da ya rataya da ita sun kai kusan kashi 10 cikin ɗari na arzikin duniya a wannan shekara. Annobar korona ta rage yawan matafiyan da sama da kashi 70 cikin ɗari a 2020, amma ya zuwa 2024 adadin ya koma kusan inda yake.

Amfanin kuɗin baƙo ga gari ya danganta ne da abubuwa biyu, wato yawan hannuwan da kuɗin zai ratsa a cikin garin, da kuma yawan abin da zai zurare ya fita. Mu ɗauki misali don sauƙin fahimta. A ce wani baƙo ya kashe Naira 100,000 a tafiyarsa. Idan Naira 40,000 daga ciki ta tafi wajen man fetur da lemon kwalba da abincin gwangwani da aka kawo daga Legas, abin da ya rage a yankin shi ne Naira 60,000. A ce kuma duk wanda ya karɓi wani abu daga ciki, direba ne ko mai abinci ko ɗan jagora, yana kashe rabin abin da ya samu a kan kayan gida. Zagaye na biyu zai ba da Naira 30,000, na uku 15,000, na huɗu 7,500, a haka har jimillar ta tasar wa Naira 120,000.

Yanzu a ce masaukin ya daina sayo kaya daga nesa, ya koma ciyar da baƙinsa da nono da naman yankin da dankali da zuma da shayin Kakara, har abin da ke zurarewa ya sauko zuwa Naira 20,000. Abin da zai rage shi ne Naira 80,000, jimillar kuma za ta kai Naira 160,000. Baƙon bai ƙara ko kwabo ba, amma samun jama'a ya ƙaru da kashi ɗaya bisa uku. Saboda haka yawan baƙi kaɗai ba ya isa ma'auni. Jami'in da yake son sanin amfanin sana'ar ga jiharsa sai ya tambayi kwana nawa baƙon ya yi, da wurin wa ya sayi abin da ya ci.

A nan ne matsayin Yola da Jimeta yake fitowa fili. Garin da yake ƙofar shiga yakan ci riba ko da dutsen ba a cikinsa yake ba, kamar yadda Moshi da Arusha suke cin arzikin tsaunin Kilimanjaro a Tanzaniya. Filin jirgin sama da bankuna da otal-otal da masu ba da hayar mota da babbar kasuwa duk suna Jimeta. Tsohon garin Yola, wanda Modibbo Adama ya kafa a 1841, kuma Bajamushe Heinrich Barth ya ziyarta a 1851, yana da fadar Lamiɗo da gidan tarihinta, waɗanda za su iya riƙe baƙo kwana guda kafin ya wuce da kuma bayan ya dawo. Kowane ƙarin dare da baƙo ya yi a garin ciniki ne ga mai masauki da mai tsire da direban Keke Napep.

Matsalar lokaci

Masaukin kan dutse yana da wata matsala da kowane mai son zuba jari ya kamata ya sani. Lokacin da ya fi dacewa da shiga Gashaka-Gumti shi ne rani, daga Disamba zuwa Maris, domin da damina koguna kan cika, hanyoyin ciki kuma su yanke. A ce mutum ya gina masauki mai ɗaki 20. A shekara yana da kwanan ɗaki 7,300 na sayarwa. Idan ɗakunan suka cika maƙil na kwana 120 kawai, abin da ya sayar shi ne 2,400, wato kusan kashi ɗaya bisa uku. Amma albashin maigadi da gyaran rufi da ruwan bashin banki ba su san rani da damina ba. Ɗakin da ya kwana babu kowa kuwa hasara ce da ba a mayarwa, domin ba a ajiye daren jiya a rumbu kamar masara.

Maganin wannan shi ne neman baƙi iri daban-daban. Tarukan ƙara wa juna sani na ma'aikatu da bankuna, da ziyarar ɗalibai daga Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola, da masu bincike da kan zauna watanni, da iyalai masu gudun zafin Afrilu, kowannensu yana da nasa lokacin. Haka nan ya fi dacewa a fara da ƙananan masaukai da tantuna masu sauƙin kuɗi, a faɗaɗa gwargwadon yadda baƙi suke ƙaruwa.

Darasin Obudu

Jihar Kuros Riba ta gwada wata hanya dabam. Wurin kiwon shanu na Obudu, wanda wasu Turawa suka kafa a farkon shekarun 1950 a kan tudu mai tsayi kusan ɗaya da na Mambila, ya sami gagarumin gyara a zamanin Gwamna Donald Duke. A shekarar 2005 aka buɗe motar igiya mai ɗaukar mutane daga gindin dutse zuwa sama, aka kuma fara gasar tseren hawan dutse da ta jawo 'yan wasa daga ƙasashen waje. Na wasu shekaru Obudu ya zama abin kwatance a ƙasar nan. Daga baya kayan aikin suka riƙa lalacewa, motar igiyar ta yi dogon zama ba ta aiki, baƙi suka ja baya.

Abin lura a nan shi ne bambancin da ke tsakanin kuɗin gini da kuɗin kulawa. Gini ana yinsa sau ɗaya a yi bikin buɗewa, kulawa kuwa sai an biya ta kowace shekara, ko wane ne yake kan mulki. Wurin da ya dogara da kasafin kuɗin gwamnati domin sayen man janareta zai tashi ya faɗi tare da sauyin gwamnatoci. Aikin da ya fi dacewa da hukuma shi ne abin da ɗan kasuwa ɗaya ba zai iya yi ba, kamar hanya da gada da tsaro da tsara dokar filaye. Dafa abinci da gyaran gado kuwa a bar wa wanda zai yi hasara idan baƙo ya tafi da fushi.

Abubuwan da suka tare hanya

Babban cikas shi ne tsaro. A watan Mayun 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Adamawa da Borno da Yobe. A watan Oktoban 2014 mayaƙan Boko Haram suka kama Mubi, kuma a ƙarshen wannan shekara suka kai hari Sukur suka ƙona gidaje da wani sashe na kayan tarihi. A watan Yunin 2017 kuma rikici tsakanin manoma da makiyaya ya jawo hasarar rayuka a tudun Mambila. Mai yawon shaƙatawa ba dole ne ya yi tafiyar ba, don haka labari ɗaya mara daɗi ya isa ya sa shi ya fasa, kuma sunan wuri kan daɗe bai farfaɗo ba ko bayan an sami zaman lafiya.

Na biyu shi ne rarrabuwar iko. Tun daga 1976 har zuwa ranar 27 ga Agustan 1991, duk waɗannan duwatsu suna ƙarƙashin Jihar Gongola mai hedkwata a Yola. Bayan raba ta, Mambila da Serti suka faɗa Taraba, Sukur da Toungo suka zauna a Adamawa, gandun dajin kuma yana hannun Gwamnatin Tarayya. Bugu da ƙari, a shekarar 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa ba da lasisi da sa ido a kan otal-otal haƙƙin jihohi ne. Ma'anar wannan ita ce nauyin tsara sana'ar ya fi rataya a wuyan Yola da Jalingo fiye da Abuja, kuma baƙon da yake son ganin Sukur da Mambila a tafiya ɗaya bai damu da inda iyakar jiha ta tsaya ba.

Na uku shi ne lalacewar jarin kansa. A tsakiyar shekarun 2010 an yi mummunar saran itacen madobiya a dazukan Taraba da maƙwabta domin fitarwa zuwa ƙasar Sin, har sai da aka dakatar da cinikinsa daga Nijeriya a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES a 2018. Farauta ba bisa ƙa'ida ba da haƙar ma'adinai a ɓoye su ma suna yi wa gandun barazana. Dazukan nan su ne suke riƙe ruwan da ke kwarara zuwa kogin Taraba, wanda ke zuba a Binuwai, saboda haka hasararsu ta shafi masunta da manoman rani da ba su taɓa ganin ɗan yawon buɗe ido ba. A shekarar 2017 gidauniyar Africa Nature Investors ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da hukumar kula da gandun dazuka ta ƙasa domin taimakawa wajen gudanar da Gashaka-Gumti, kuma horar da masu gadin daji na cikin abin da aka fara da shi.

Rabon mutanen wurin

Masu iya magana sun ce da ɗan gari akan ci gari. Mutumin da aka hana shi farauta da saran itace da kiwo a dajin kakanninsa, ba a kuma ba shi wani abin yi ba, ba zai zama mai tsaron dajin ba. Ƙasar Ruwanda ta fahimci haka. A 2017 ta fara karɓar Dalar Amurka 1,500 daga kowane baƙo na waje da yake son ganin birai nau'in gorila a duwatsunta, tana kuma ware kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar gandayenta domin ayyukan ƙauyukan da ke kewaye, kamar makarantu da ɗakunan shan magani. A Tanzaniya doka ta hana hawan Kilimanjaro ba tare da ɗan jagora mai lasisi ba, abin da ya samar wa dubban matasa aikin jagora da dako da girki.

Irin wannan doka ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. Idan aka yi wa 'yan jagora na Sukur da Toungo da Gembu rajista, aka koya masu taimakon gaggawa da tarihin wurarensu, aka ƙayyade farashi a rubuce, baƙo zai san abin da zai biya tun daga Jimeta, matashin ƙauye kuma zai san cewa birin da ke raye ya fi masa amfani a kan wanda aka kyafe. Wajibi ne kuma a kiyaye mutuncin jama'a. Mutanen Koma da na Sukur masu gida ne, su ya kamata su faɗi inda za a shiga da abin da za a ɗauka hoto, da kuma yawan baƙin da hanyoyinsu na dutse za su iya ɗauka a rana.

Kasuwar da ta fi kusa

Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin darajar Naira a watan Yunin wannan shekara sun shafi sana'ar ta fuska biyu. Kuɗin mota daga Yola zuwa Gembu ya tashi ƙwarai, wanda hakan ya rage masu iya tafiyar. A ɗaya ɓangaren kuma, hutun Dubai ko Masar ko Ingila ya fi ƙarfin iyalai da dama da suka saba yinsa. Duk iyalin da ya karkatar da hutunsa zuwa Mambila ya rage wa ƙasa buƙatar kuɗin waje, daidai da manomin da shinkafarsa ta maye gurbin ta ƙetare. Waɗannan iyalai na Kano da Abuja da Maiduguri da Gombe ba sa buƙatar biza, sun san abincin, kuma ba sa firgita da sauri kamar baƙon waje.

Matakan farko a bayyane suke. A ajiye littafin rajista a kowace mashiga da kowane masauki, domin banki ba ya ba da rance a kan adadin da ba a rubuta ba. Jihohin Adamawa da Taraba su kafa kwamiti guda tare da hukumar gandun daji da Hukumar Raya Arewa maso Gabas, wadda aka kafa a 2017, su fitar da taswira ɗaya da jadawalin farashi ɗaya. A ba hanyar Ganye zuwa Toungo da gangaren Mayo Selbe fifiko a kasafin gyaran hanyoyi, a kuma ware wa ƙauyukan da ke kewaye da wuraren kaso sananne daga kuɗin shiga, a rubuta shi cikin doka tun kafin kuɗin su yi yawan da za a yi rigima a kansu.